TM: Ƙungiyar Asiri Ce Ko Cinikin Biri A Sama?

Jama'a, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin 'yan'uwa ɗalibai a kan tafarkin nan na natsuwa da ake kira TM. Wasu sun ce kimiyya ce tsantsa, maganin gajiyar ƙwaƙwalwa lokacin jarrabawa. Wasu kuwa sun ce ƙungiyar asiri ce, har suka zarce suka yi mata kuɗin goro da masu halwa da masu wazifa. Ni dai ra'ayina shi ne duka ɓangarorin sun kauce, kuma zan faɗi dalili.

Wani Ba'indiye ne, Maharishi Mahesh Yogi, ya fara yaɗa wannan tafarki a shekarun 1950, sunansa kuma ya cika duniya a 1968 da mawaƙan Ingila, watau Beatles, suka je wurinsa a Rishikesh. Ya mutu a Holan a 2008. Aikin ba wuya: ka zauna, ka rufe ido, ka riƙa maimaita wata kalma a zuci minti 20, safe da yamma. In da a nan abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba.

To, amma ta yaya ake samun kalmar? Sai ka biya kuɗi, ka zo da furanni da 'ya'yan itace da farin hankici. Malamin ya tsaya gaban hoton Guru Dev, shehin Maharishi, ya rera yabo da harshen Sanskirit, sa'an nan ya raɗa maka kalmarka, ya ce kada ka faɗa wa kowa. Tsofaffin malaman ƙungiyar da suka fita sun tona cewa daga wani ɗan gajeren jeri ake zaɓo kalmar, bisa ga shekarun mutum. Wace kimiyya ce ke bukatar furanni gaban hoton mamaci? A 1977 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta Amurka ta hana koyar da TM a makarantun gwamnati, ta ce addini ne, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 1979. Tun a 1975 ma likita Herbert Benson na Jami'ar Harvard ya nuna cewa kowace kalma mutum ya maimaita cikin natsuwa, jikinsa zai huta. Ashe abin da ake sayarwa a rufe, kyauta yake a fili. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma shi ne amsata ga masu cewa kimiyya ce.

Yanzu sai masu kuɗin goro. Sun ce ai ɗan ɗarika ma yana rufe ido, yana maimaita kalma, yana shimfiɗa farin ƙyalle. Biri ya yi kama da mutum, amma kama da wane ba ta wane. Duk wanda ya tashi a Haɗeja ya san a masallaci ake wazifa, ƙofa buɗe, murya sama, mai wucewa zuwa fadama da fartanya yana jin kowace kalma. Wuridin yana rubuce cikin littattafan da ake sayarwa a kasuwa. Mai yinsa bai taɓa ce maka kimiyya yake yi ba, ibada ya kira ta. Ko daidai ce ko bidi'a, wannan muhawarar malamai ce, ana kuma yin ta a fili tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978. Abin da aka buga a littafi, ake musu a kansa a bainar jama'a, ba ya zama asiri.

Kalmar nan ba ta wasa ba ce. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, amma ya ce 'yancin bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba. Mun kuma san ainihin ƙungiyar da ke cinye mabiyanta, domin a Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya hallaka fiye da mutum 4,000 a Kano. Idan muka kira kowane mai carbi ɗan asiri, ranar da na gaske ya zo da wane suna za mu kira shi?

Saboda haka ga ma'auni uku. Shin ana gaya maka abin da za ka shiga kafin ka shiga? Shin kana iya tambayar shugaba, ka kuma san inda kuɗinka ya tafi? Shin kana iya fita ba tare da an raba ka da danginka ba? Yawancin masu koyon TM suna komawa gidajensu, su bari in sun ga dama, don haka ban yarda a jera ta da Maitatsine ba. Amma a ma'auni na farko ta faɗi warwas, domin ta ɓoye addini cikin rigar likita. Wanda kuma ya nutsa ciki, sai a sake karɓar kuɗinsa a koya masa wai tashi sama, alhali tsalle ne kawai a kan katifa.

Mutanen fadamar Haɗeja sun san kacala. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da komawa yadda ya saba, ciyawar ta sami ruwa kwance, ta toshe hanyoyin jirage da gonakin shinkafa. Haka ɓarna ke tsirowa a duk ƙungiyar da tambaya ba ta gudana a cikinta.

Ɗan'uwa ɗalibi, in kanka ya ɗau zafi, zauna ka yi shiru, ba mai cajinka ko kwabo. In kuwa wani ya ce sai ka biya kafin ya kwance bakin buhu, ce masa: kifi na ganinka, mai jar koma.

Haza wasalam.