Burushin Aski: Ku Sayi Na Roba



Mai aske kansa a gida abu uku yake nema kafin aska ta hau: sabulu, kwano da burushi. Ƙaramin kwanon silba na ɗakin uwargida ya isa. Sabulun salo ma ya isa, sai dai in yana yi maka zafi, ka shafa man kaɗanya bayan aski.

Magana tana ga burushi. Na gashin dabba da ake shigowa da su, da yawansu gashin alade ne, za ka ga an rubuta "boar" a kwalin. A wajenmu Malikiyya, gashin da aka yanke mai tsarki ne ko da na alade ne, haka yake cikin Mukhtasar na Shehu Khalil. Amma wanda aka tuge, saiwarsa najasa ce. To wa ya gaya maka yadda kamfani ya cire shi? Shafi'iyya kuwa duka najasa suke ɗaukarsa. Ni dai ban ga dalilin sayen shubuha da kuɗinka ba, ga na roba mai araha, yana tada kumfa, yana saurin bushewa.

In kana shakka, cire sili ɗaya ka ƙona. Na dabba zai yi ƙaurin gashi ya zama toka, na roba narkewa zai yi ya dunƙule.

Kuma kowa da nasa. Burushin aro yana yaɗa makero, musamman a kan yara. Ko wajen wanzami za ka, tafi da naka. In an gama a ɗauraye, a kakkaɓe, a shanya.

Allah Ya ƙara mana lafiya.