Gidan Sarautar Reuss da Zargin Juyin Mulki a Jamus

A ranar 7 ga Disamba, 2022, 'yan sanda kimanin 3,000 suka bazu a sassan Jamus, aka kama mutum 25 bisa zargin ƙulla makircin hamɓarar da gwamnati. Wanda aka ce za su ɗora bisa mulki shi ne Yarima Heinrich na 13 na gidan Reuss, wanda aka soma shari'arsa a Frankfurt cikin watan Mayu, 2024.

Abin lura a nan shi ne kakanninsa ba su taɓa mulkin Jamus ba. 'Yan ƙananan ƙasashe suka riƙe a yankin Turingiya, kamar Greiz da Gera. A 1564 'yan'uwa uku suka raba ƙasar gado, magada kuma suka ci gaba da yanka ta gunduwa-gunduwa. Kowane ɗa namiji a gidan sunansa Heinrich, lamba ce kurum ke bambanta su. Ashe "na 13" ba ya nufin sarki na goma sha uku.

Sarautar ta faɗi a 1918. Tsarin mulkin 1919 ya soke gatan 'ya'yan sarauta, laƙabin "Yarima" ya koma wani ɓangare na sunan mutum kawai. Shugaban gidan ma tuni ya nesanta dangi daga gare shi.