Tsofaffin tukwanen tururi da makomar wutar lantarki a Kaduna

A duk lokacin da aka ɗauke wuta a Kawo ko Unguwar Rimi, ko injinan walda suka yi tsit a kasuwar Panteka, kamfanin Kaduna Electric ake fara ɗora wa laifi. Sai dai kamfanin raba wuta yake yi kawai. Abin da yake samu yana shigowa ne ta tashar Mando daga babban layin wutar ƙasa, wanda tashoshi da dama ke zuba masa wuta, ciki har da wasu tsofaffi da ke aiki da tukunyar tururi.

Babbarsu ita ce tashar Egbin da ke Ikorodu a Jihar Legas, mai injina shida, kowanne megawat 220, jimilla 1,320. An fara kunna su ne a 1985. Ta Sapele a Jihar Delta ma ta girme ta. Ke nan wani kaso na wutar da Kaduna ke sha yana fitowa ne daga tukwanen da suka yi shekara 40 a kan wuta.

Yadda tukunyar ke aiki shi ne, ana ƙona iskar gas a tsakiyar wani makeken ɗaki da aka kewaye da bututan ƙarfe masu ɗauke da ruwa. Ruwan yakan zama tururi mai zafin da ya haura digiri 500, shi ke juya injin da ke haifar da wuta. Ƙarfen da ya daɗe cikin irin wannan zafi da matsi yakan riƙa miƙewa sannu a hankali har ya tsage. Idan ba a tace ruwan sosai ba, tsatsa da dauɗa kan ci bututun ta ciki. Bututu ɗaya ya huje, tilas a kashe injin baki ɗaya, a jira ya huce, kafin masu walda su shiga. Megawat 220 sun tafi ke nan na kwanaki.

Egbin ta ga mafi munin haka. Injinta na shida ya shafe shekaru a tsaye, sai a 2015 aka sake kunna shi, bayan an sayar da kaso mafi yawa na tashar ga ’yan kasuwa a 2013. A Afirka ta Kudu kuwa, yoyon bututan tukunya na cikin manyan dalilan da kamfanin Eskom ya riƙa bayarwa a lokutan da aka sha fama da yawan ɗauke wuta, kuma a 2014 tukunya guda ta fashe a tasharsa ta Duvha.

Amma tsufa kaɗai ba ya kashe tukunya. Injiniyoyi na da hanyoyin sanin sauran kwanan ƙarfe: auna kaurin bututu da na’urar sauti, duba ƙwayar ƙarfen da madubin ƙara girma, da ajiye tarihin kowace fashewa don gano inda ta fi aukuwa. Duk waɗannan na buƙatar a kashe injin na makonni, a kuma kashe kuɗi.

A nan gizo ke saƙar. Kamfanonin samar da wuta sun ce a 2025 bashin da suke bin gwamnati ya kai kimanin naira tiriliyan 4, alhali kayan gyara da dala ake sayo su. Ƙasar kuma ba ta da rarar wutar da za ta cike gurbin injin da aka kashe, don haka akwai matsin a ɗage gyara. Bugu da ƙari, duk lokacin da babban layi ya durƙushe, tukunya kan huce ba shiri sannan a sake hura ta, wannan kuwa na gajiyar da ƙarfe fiye da aikin yau da kullum.

Mutanen Kaduna sun san farashin dogaro da abin da ke nesa. A watan Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Mando da matsalar da ta biyo baya a layin Ugwuaji zuwa Apir, Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, masu ƙanƙara da niƙa suka tafka asara. Tashar Kudenda mai megawat 215 da aka ba da kwangilarta tun 2009 ta zama alƙawarin da aka gaji da jira.

Abin da ya kamata shi ne hukumar NERC ta tilasta wa kowace tasha bayyana sakamakon binciken tukwanenta da jadawalin gyara, gwamnati ta biya bashi, Jihar Kaduna kuma ta yi amfani da damar da Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi wajen samar da wuta a kusa da gida. Gyaran da aka tsara makonni yake ci. Wanda fashewa ta tilasta kuwa, Egbin ta nuna yana iya cin shekaru.