Kafin Ka Dangwala, Wa Ya Zaɓa Maka?

Ya ɗan'uwana mai karatu, wata muhawara ce ta kaure tsakanin ɗalibaina manya bayan mun tashi daga karatu. Ɗaya ya ce maganin siyasarmu shi ne mu kwaikwayi wasu jihohin Amurka, inda mai zaɓe yake jera 'yan takara daga wanda ya fi so zuwa na ƙasa. Ɗaya kuma ya ce duk ɓata lokaci ne, mutum ya adana katinsa ya fita ranar zaɓe, ya sauke nauyi. Ni dai na saɓa wa dukkansu, amma na biyun ne ya fi tayar mini da hankali, domin ra'ayinsa shi ne na mafi yawanmu.

Mu mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ranar zaɓe sai a miƙa maka takarda mai ɗauke da tambarin jam'iyyu, babu ko sunan mutum a kanta. Wanda ke bayan kowane tambari an riga an tsayar da shi watanni kafin nan, a zaɓen fid da gwani, a wani zaure da ba a gayyace ka ba. A babban taron PDP na watan Mayun 2022, kowace ƙaramar hukuma daliget ɗaya ta tura, APC kuwa uku-uku a watan Yuni. Ke nan mutum huɗu a can da mutum goma sha biyu a nan su ne suka yi magana da yawun ƙananan hukumominmu huɗu wajen fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Mai kuɗi ba zai iya sayen kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba, amma mutum goma sha biyu a ɗakin otal ba su fi ƙarfin aljihunsa ba.

Dokar zaɓe ta 2022 ta buɗe wa jam'iyyu ƙofa uku: 'yar tinƙe, da daliget, da masalaha. Ta ukun ce ta fi ba ni takaici, saboda an ari kalma mai daraja an lulluɓe ɗauki-ɗora da ita. Duk wanda ya leƙa littattafan usulul fiƙhu ya san maslaha tana nufin jawo wa jama'a amfani da tunkuɗe musu cuta. Shin idan aka kira masu neman kujera cikin dare, aka ce kowa ya janye wa ɗan lele, wace jama'a aka amfanar? Wasu har suna kafa hujja da mutum shida da Sayyidina Umar (RA) ya bar wa shawara. Sun manta cewa Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya fara cire kansa daga neman shugabancin, sa'an nan ya shafe kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu kafin a yi wa Sayyidina Usman (RA) mubaya'a. A nuna mini daliget ɗin da ya kwana uku yana zagaya ƙauyukan Gagarawa yana tambayar manoma.

Saboda haka ina tare da masu cewa a mayar da fid da gwani hannun 'yan jam'iyya baki ɗaya. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe wajen tsayar da Muhammadu Buhari, aka sanar da ƙuri'a sama da miliyan 14, ciki har da kusan miliyan 2.9 daga Kano kaɗai. Da aka zo babban zaɓen 2019, abin da ya samu a Kano bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. 'Yar tinƙen da ba ta da rajistar mambobi sahihiya, alƙalami ne kawai yake yinta. Ƙato-bayan-ƙato kuma, wanda dattawa ke yabon na zamanin Babangida, yana da nasa aibin: ɗan haya ba ya iya tsayawa a layin da ba na mai gida ba, haka yaron shago da ubangidansa. Wanda kuma yake ganin wasa da fid da gwani ƙaramin abu ne, ya tuna Zamfara, inda Kotun Ƙoli ta rushe nasarar APC gaba ɗaya a watan Mayun 2019 saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani.

Abin da Amurkawa ke kira buɗaɗɗen fid da gwani ya wuce 'yar tinƙe, domin a can ko ba ka da katin jam'iyya kana iya shiga. A wurinmu ban yarda da shi ba. Abokan hamayya za su yi dandazo su ɗora wa jam'iyya mafi raunin 'yan takararta, su dawo su kayar da shi cikin sauƙi.

Zaɓen jerantawa kuwa yana da hikimar da ta dace da mazaɓa irin tamu. Mu ƙaddara masu zaɓe ɗari ne, kowane gari ya tsayar da ɗansa: na Gumel ya sami 32, na Maigatari 28, na Sule Tankarkar 25, na Gagarawa 15. A tsarinmu mai 32 ya ci, ko da sauran 68 ba sa ƙaunarsa. A tsarin jerantawa sai a cire na ƙarshe, a raba ƙuri'unsa ga waɗanda masu su suka sa a matsayi na biyu, a yi ta haka har wani ya haura rabi. Dole ɗan takara ya je garin da ba nasa ba ya nemi a sa shi na biyu, kuma wanda ya zagi mutane ba zai samu ba. Ostireliya tana amfani da shi tun 1918, jihar Alaska ta fara a 2022. Maƙwabtanmu na Nijar sun nemi wannan rinjaye ta hanyar zagaye na biyu, kamar wanda aka yi tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane a watan Fabrairun 2021.

Amma tsarin yana da sharuɗɗa biyu da ba mu cika ba. Na farko, tsohuwar da ke neman tambari da ƙyar ta dangwala, ita za a ce ta rubuta 1, 2, 3 ba tare da ƙuri'arta ta lalace ba. Na biyu, ba a gane wanda ya ci sai an tattara ƙuri'u wuri guda an yi ta lissafi, alhali garkuwar talaka ita ce ƙirgen da ake yi a gabansa a rumfa. Wanda bai aminta da tarawa ba, ta yaya zai aminta da rabawa? Mu fara gwada shi a ƙungiyoyin ɗalibai da kwamitocin makarantunmu, inda kowa ya san kowa.

Nasihata gare ka ita ce, ƙuri'a shaida ce, kuma ba a yin shaida a kan abin da ba a gani ba. Idan kana da jam'iyya, ka yanki kati a gundumarka, ka halarci taronta, ka nemi a kafe sunayen mambobi a bango, a yi zaɓe a asirce, a ƙirga a fili. Idan ba ka da ita, ka tambayi duk wanda ya zo neman ƙuri'arka ta wace ƙofa ya fito, mutum nawa suka tsayar da shi, kuma wa ya janye masa, a kan me. Wanda ya sayi tikiti zai fanshe kuɗinsa daga rijiyarku da asibitinku.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta. Wassalamu alaikum.