Haƙƙin Mai Sayen Kwamfutar Tebur a Sha'anin Wasanni

Tun daga shekarar 1996, lokacin da kamfanin 3dfx na Amurka ya fito da katin hoto mai suna Voodoo, kana Nvidia ya biyo baya da GeForce 256 a 1999, ma'abota kwamfuta suka kasu gida biyu: masu hali, waɗanda ke sayen katin hoto na musamman su ɗora wa na'urarsu, da sauran jama'a, waɗanda ke dogara da ɗan abin da aka gina cikin kwamfutar tun daga masana'anta. Mas'alar da ta kamata a duba ita ce ko wajibi ne masu ƙera kwamfutar tebur su kyautata sashen hoto saboda wasanni. Ra'ayina shi ne wajibi ne, amma bisa gwargwado.

Hujjata ta farko ita ce adalci ga mai saye. Magidancin da ya tara kuɗinsa ya sayo kwamfuta domin karatun 'ya'yansa da nishaɗinsu, yana kyautata zaton za ta ɗauki duk abin da aka sa mata, alhali an yi tsimi a sashen hoto domin farashi ya sauka ba a kuwa sanar da shi ba, ba ya gane hakikanin abin da ya saya sai ranar da yaro ya kunna wasa hoto ya riƙa sarƙewa. Sau da yawa gyara ma ba ya yiwuwa, domin ƙananan kwamfutocin ofis, irin waɗanda ke iso kasuwanninmu na hannu, akwatinsu matsattse ne, tukunyar wutarsu kuma ba ta iya ciyar da babban kati.

Wanda ya raina wasa a matsayin lagawu, sai ya tuna cewa wannan sashe shi ne mai tace bidiyo da mai zanen gini suke aiki da shi, kuma da katunan wasa guda biyu na GTX 580 aka horar da AlexNet a 2012, aikin da ya buɗe sabon babi a ilimin ƙirƙirarriyar basira.

Duk da haka, israfi ne a ɗora wa kowa irin katin RTX 4090, wanda ya fito a 2022 a kan dala 1,599, yana kuma jan wuta wat 450, nauyin da mai dogara da janareta ko hasken rana ya san zafinsa. Maslaha tana tsakiya, kuma kamfanin AMD ya nuna tana yiwuwa tun 2018, sa'ad da ƙwaƙwalwar kwamfutarsa mai suna Ryzen 5 2400G ta ɗauki wasanni da dama ba tare da ƙarin kati ba.

Saboda haka abubuwa uku muke nema daga masu ƙerawa da dillalai: sashen hoto matsakaici a kowace kwamfutar gida, gurbi da isasshiyar wuta ga mai son ƙari daga baya, da bayani na gaskiya game da abin da na'ura za ta iya, domin ɓoye aibin haja algus ne.