Gwamma ɗalibin jinya ya yi kuskure a kan 'yar tsana

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ya san cewa idan ciwo ya kama shi a hanya, ma'aikacin jinya na ƙaramin asibiti ne zai fara karɓarsa. Shi zai karanta takardar magani, wata da Faransanci wata da Ingilishi, shi zai auna, shi zai yi allura. Idan ya zame a nan, rai ne a hannunsa.

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran ba da magani suna jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 duk shekara.

Shi ya sa makarantun jinya da dama suke koyarwa da mutum-mutumin roba. Malamai su shirya ɗaki kamar na majiyyata, su dasa kurakurai da gangan: sunan da ke kan takarda ya saɓa da na mara lafiya, ko magani ya wuce wa'adinsa, ko an rubuta wa yaro awon babba. Aikin ɗalibi shi ne ya gano su, ya gyara. Bayan nan a zauna a tattauna inda ya zame, ba tare da tozarta shi ba, domin ɗalibin da ke tsoron faɗa, ɓoye kuskure zai koya.

Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2014 ya nuna cewa irin wannan horo zai iya maye gurbin rabin lokacin da ɗalibai ke yi a asibiti ba tare da ƙwarewarsu ta ragu ba. A Tanzaniya kuwa, bayan an horar da ungozomomi a asibitoci takwas da jaririn roba, mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin 100, kamar yadda rahoton 2013 ya nuna.

To, ina kuɗi? Mutum-mutumi mai aiki da kwamfuta yana da tsada, amma ɗakin gano kuskure gado ne da 'yar tsana da kwalaben magani da malami mai lura. Wannan bai fi ƙarfin makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram da Katsina ba, bai kuma fi ƙarfin gudunmawar ƙungiyoyin 'yan kasuwa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.