Kokawar Manyan Ƙasashe Da Hanyarmu Ta Kano

Ƴan uwana ƴan kasuwa, maza da mata, tun da Rasha ta afka wa Ukraine a Fabrairun 2022 duniya ta sake rabuwa gida biyu: Amurka da ƙawayenta na Turai a gefe guda, Rasha da masu mara mata baya a ɗayan. Wata za ta ce ina ruwan mai sayar da tattasai a Kasuwar Dole? Hajiya, da ruwanki, domin kokawar ta iso har ƙofar gida. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disambar 2023, masu horar da soja na Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurkawa kuma suka tattara nasu ya nasu daga Agadas a wannan shekarar.

Damagaram ta san irin wannan wasa tun tuni. Lokacin da Ingila da Faransa ke rige-rigen mamaye ƙasar Hausa, Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1904 ƙasashen biyu suka sasanta can Turai, suka gyara iyaka don Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi zuwa Zandar da tafkin Cadi. Ba a tambayi fatake ko madugu ɗaya ba. Tun daga nan tafiyar da kakanninmu ke yi da jakai da raƙuma zuwa Kano ta zama ƙetare ƙasa, da takarda da duwan.

To, me muka gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023? CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Faransa ta goya mata baya, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki. Sama da wata bakwai, har zuwa Maris na 2024, motocin kaya suna cirko-cirko a bakin iyaka. Mai dabbobin da ya saba bi ta Matamaye ko Magarya ya koma ɓarauniyar hanya, yana biyan ƴan babur da masu tsaron daji abin da ya fi ribarsa. Mai tuyar ƙosai ta ga mai ya hau, mai sayar da ƙanƙara ta rufe firij. Waɗanda suka sa hannu a takardar takunkumin kuwa, ko abincin rana ɗaya bai wuce su ba.

Ba ina kukan tafiyar Faransa ba ne, shekara sittin da ƴan kai bayan ƴancin kai ai sun isa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: Barashe ba ya sayen wakenmu, Ba'amurke ba ya sayen ragonmu na layya. Mutumin Kano da Daura ne ke saye, shi ke sayar mana da atamfa, takalmin roba da kayan gyaran babur. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO tare da Mali da Burkina, sai dai Bamako na da nisan da ya haura kilomita dubu biyu, Kano kuwa in ka yi sammako za ka yi azahar a Kantin Kwari.

Saboda haka nake kira ga shugabannin ƴan kasuwarmu da su daina jira sai an rufe hanya kafin su yi magana. Su zauna da takwarorinsu na Kano da Katsina, su kai wa mahukuntan Yamai da Abuja buƙata ɗaya a rubuce: ko da wa kowace ƙasa za ta ƙulla ƙawancen soja, a cire abinci, magani, dabbobi da wutar lantarki daga cikin kayan faɗa.